Shawarar da Ba Ta Jin Rawaya

A watan Disamba na 2015, ana tsakiyar hunturu, Yayata ta dawo gidanmu na Kawo goyon ciki, kamar yadda aka saba yi wa mai cikin fari. Cikin ya cika wata takwas, tana zuwa awo ba fashi, kuma babu abin da aka taɓa ce mata yana damun ta. Sai aka wayi gari amai ya dawo mata, alhali ta rabu da shi tun laulayin watannin farko. Ga ƙishirwa marar yankewa a cikin wannan sanyi, ga wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. A kwana na uku Inna ta janyo ta cikin hasken rana, ta buɗe mata ido da yatsa, ta ce, "Shawara ce."

Kowa a gidan ya ji sanyi a ransa, domin shawara ciwo ne da muka sani, kuma mun san maganinta. Gwaggo, ƙanwar Babanmu, wadda kuma ita ce surukar Yaya tunda ɗanta na fari take aure, ta taso daga Hayin Banki da ƙullin saiwar rawaya da ta sayo a kasuwar Talata. Aka jiƙa, aka tace, Yaya ta sha, ta amayar, aka sake ba ta. Ni da nake taƙama da digirin aikin jarida, ni na riƙe mata kofin. Na faɗi haka ne don kada a ɗauka labarin tsofaffi marasa boko zan bayar.

A daren kwana na biyar Yaya ta dube ni ta kira ni da sunan kawunmu da ya rasu tun muna yara, sannan ta koma wani barci mai nauyi da ba a iya tashinta sai da jijjiga. A lokacin ne muka nemi mota. A asibiti aka gwada ciwon hanta nau'in B da C, babu. Aka duba zazzaɓin cizon sauro, babu. Abin da aka gani shi ne sukarin jininta ya faɗi ƙasa warwas, ƙodarta ta fara gazawa, kuma wurin da aka soka allura ya ƙi daina zubar da jini. Likitar da ke bakin aiki ta ja ni da mijin Yaya gefe ta ce, "Malam, maganin wannan ciwon shi ne a raba ta da cikin, kuma yau ɗin nan. Ku je ku nemo masu ba da jini." Bayan sallar asuba muka tsaya a ƙofar masallacin unguwa muna roƙon mutane. Leda shida aka ƙara mata. Aka yi mata aiki, aka ciro ɗa namiji da rai. Bayan mako biyu Yaya ta taka da ƙafarta ta dawo gida, idonta fari tas.

Sunan da likitar ta rubuta a katin sallama, in an mayar da shi Hausa, shi ne taruwar kitse farat ɗaya a hantar mai juna biyu. Wani likitan binciken gawa a birnin Gilasgo, Harold Sheehan, shi ne ya fayyace shi a 1940 a matsayin ciwo mai zaman kansa. Ya lura cewa hantar matan da ya duba ba ta ruɓe ba kamar yadda guba ko ƙwayar cuta ke ruɓar da ita, ƙwayoyinta ne suka cika da ɗigo-ɗigon kitse ƙanana har suka kasa aiki. Ciwon yana zuwa ne a watanni ukun ƙarshe na ciki, ya fi samun masu cikin fari da masu ɗauke da tagwaye, kuma ba shi da yawa: ana ƙiyasta mace ɗaya cikin 7,000 zuwa 20,000 na masu ciki. A da, mafi yawan waɗanda ya kama mutuwa suke yi. Amma wani bincike da aka yi a duk faɗin Birtaniya tsakanin 2005 da 2006 ya tattara mata 57 da suka kamu, ɗaya ce kawai ta rasu. Ba wani sabon magani aka ƙirƙiro ba a tsakanin zamanin nan biyu. An dai koyi gane ciwon da wuri, da raba mace da cikin ba tare da jinkiri ba, da tallafa mata da sukari ta jijiya da jini har hantar ta farfaɗo.

Mu dai mun yi hamdala, mun ɗauka magana ta ƙare. Yaron ya yi ƙiba, yana dariya, ya fara koyon zama. A daminar 2016, yana da wata bakwai, ya yi zazzaɓi da amai na yini guda, ya ƙi kama nono. Da dare ya yi lamo, uwarsa ta ce a bar shi ya huta tunda jikin ya yi sanyi. Da asuba ta taɓa shi ta ji ya saki. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Aka ce zazzaɓi ne, kuma a ƙasar da zazzaɓi ke kwasar yara kowace damina, babu wanda ya ga dalilin yin wata tambaya.

Maganganu kuwa sun biyo baya, a hankali, daga bakin mata a wurin zaman makoki da wurin biki. Wasu suka ce nononta ne ba shi da kyau. Wasu suka ce mace ce mai mugun jini, ba ga shi cikin ma ya so ya tafi da ita ba? Da ta haifi mace a 2018 lafiya lau, ba shawara ba komai, wata tsohuwa ta ba da shawarar a yi wa jaririyar laƙabi irin na 'ya'yan wabi, Ajuji ko Ayashe, don mutuwa ta raina ta ta bar ta. Gwaggo ba ta taɓa faɗin baƙar magana a gaban Yaya ba, amma ta fara yi wa ɗanta zancen ƙarin aure. A duk wannan lissafi ba a taɓa sa sunan mijin ba.

A 2021, ana tsakiyar aikin sabuwar gadar Kawo, hanyoyi duk a karkace, Yaya na da ciki na uku wata takwas, amai da ƙishirwa suka dawo. Wannan karon ba mu jira idon ya canja ba. Aka yi mata aiki washegari, jini leda ɗaya kawai ta buƙata. Likitan yara da ya karɓi jaririn, shi ma namiji, ya zauna ya tambayi tarihin gidan tun daga farko: cikin fari, yaron da ya rasu, awa nawa ya yi bai sha nono ba, da dangantakar da ke tsakanin Yaya da mijinta. Da ya gama ya ce kada a bar jaririn ya wuce awa uku bai sha wani abu ba, dare da rana, kuma yana so a ɗiga jinin diddigensa a wata takarda a aika ƙasar waje. Kuɗin ya fi albashina na wata. Muka yi karo-karo. Bayan makonni sakamako ya dawo da haruffa biyar da ban taɓa gani ba: LCHAD.

Don a gane abin da haruffan nan ke nufi, sai an san yadda jiki ke ciyar da kansa idan babu abinci a ciki. Jiki yana da ajiya iri biyu. Ta farko sukari ce da hanta ke tarawa, kuma ba ta da yawa. A jikin babba ba ta wuce ta yini guda, a jikin jariri kuwa ta 'yan awoyi ce. Ta biyu kitse ne, wanda shi ne rumbun gaske. Idan sukarin ya kusa ƙarewa, sai jiki ya fara kwaso kitse yana kai wa wasu ƙananan murahu da ke cikin kowace ƙwayar jiki, waɗanda masana ke kira maitokondiriya. Kitse a siffarsa sarƙa ce ta sinadarin kabon, kuma a cikin murhun ana datse ta ne gaɓa biyu-biyu har ta ƙare. Wani masanin Jamus, Franz Knoop, ya gano wannan tsari tun 1904. Daga gutsattsarin ne ake samun ƙarfin da zuciya da tsoka ke aiki da shi, hanta kuma ta sarrafa wani sashe ya zama kiton, abincin da ƙwaƙwalwa ke dogara da shi lokacin yunwa. Wannan ne ya sa lafiyayyen mutum ke iya azumi ya kuma yi aikinsa.

Masu datsar sarƙar su ne sinadaran da ake kira inzayim, kuma kowanne da tsawon sarƙar da yake iya kamawa: akwai na doguwa, akwai na matsakaiciya, akwai na gajera. LCHAD sunan ɗaya ne daga masu aikin doguwar sarƙa, irin wadda ke cikin mangyaɗa da manja da man shanu da nonon uwa. Wanda aka haifa babu wannan inzayim mai aiki, yana da rumbu cike amma ƙofar a kulle. Muddin yana ci a kai a kai, sau da yawa ba a ganin komai. Ranar da zazzaɓi ko amai ya hana shi ci, sukarinsa zai ƙare, kitsen da jiki ya kwaso zai tsaya rabi da rabi ya taru a hanta da zuciya ya zama guba, ƙwaƙwalwa kuma ta rasa abin ci. Daren da aka bar ɗan Yaya na fari ya huta, abin da ke faruwa a jikinsa ke nan. Ƙarin ruwa mai sukari da aka sa da wuri yana iya tsayar da irin wannan.

Alaƙar ciwon ɗa da hantar uwa kuwa an fara lura da ita ne a farkon shekarun 1990. A 1993 Bridget Wilcken da abokan aikinta a birnin Sidni na Ostareliya suka ba da rahoton cewa uwayen yara masu wannan naƙasa suna yawan fama da ciwon hanta a ƙarshen ciki. A 1999 Jamal Ibdah da abokan aikinsa a Amurka suka bi tarihin yara 24 masu ita, suka tarar uwaye 15 sun yi mummunan ciwon hanta lokacin da suke ɗauke da su. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, ɗan tayi da mabiyiyarsa ba sa iya ƙarasa ƙona kitse, sai ragowar ta riƙa kwarara cikin jinin uwa. Ita kuma uwar, da yake tana ɗauke da rabin naƙasar, hantarta ba ta da cikakken ƙarfin kwashe wannan ƙarin kaya, a daidai lokacin da jikin mai tsohon ciki ke narkar da kitse fiye da kullum. Shi ya sa da zarar an raba ta da cikin take fara samun sauƙi. Shi ya sa kuma cikin 2018 bai taɓa Yaya ba: yarinyar ba ta gaji ciwon ba. Ya kamata in ƙara da cewa ba kowace mai wannan ciwon hanta ce ke ɗauke da ɗa mai naƙasar ba. Wani bincike na 2002 a Amurka ya same ta a kusan ɗaya cikin biyar. Amma ɗaya cikin biyar ya isa a sa ido a kan duk jaririn da aka haifa a irin wannan hali.

Ba ta hanyar ciki kaɗai wannan dangin cututtuka ke riskar manya ba. Akwai na matsakaiciyar sarƙa, MCAD, wanda ya fi yawa a arewacin Turai, kuma tun 2009 ake gwada duk jaririn da aka haifa a Ingila dominsa. Kafin zuwan gwajin, akwai waɗanda suka girma har suka yi aure ba su san suna da shi ba, sai ranar da doguwar yunwa ko amai ko shirin tiyata ya jefa su cikin suma da kumburin hanta. Akwai kuma wani nau'i, MADD, wanda kan bayyana a samartaka ko bayanta da raunin tsoka da kitse a hanta, kuma da yawa daga masu shi suna miƙewa da bitamin B2 kawai. Ga al'ummar da ke azumtar wata guda kowace shekara, wannan ba ƙaramin bayani ba ne. Mutumin da duk ya yi doguwar yunwa sai ya yi amai ya fita hayyacinsa, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, ya cancanci a bincika shi kafin a kira shi rago.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne yadda ake gadon abin. Kowane mutum yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon da ke ƙera wannan inzayim, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai kwafi ɗaya lalatacce lafiyarsa lau, bai ma san yana ɗauke da komai ba. Sai an haɗa masu ɗauke da shi biyu, sannan kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai ciwon. Wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne dai na sikila. Bambancin shi ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya na ɗauke da ƙwayar sikila, don haka bare da bare ma suna haɗuwa a kanta. Wannan kuwa ƙwaya ce mai wuyar samu, da wuya mutum ya yi karo da mai irinta a titi. Inda ya fi sauƙin samunta shi ne cikin danginsa. Yaya da mijinta kakanninsu ɗaya. Mafi kusa da hankali shi ne ƙwayar ta sauko daga ɗaya cikin kakannin nan biyu, ta bi ta Baba zuwa Yaya, ta bi ta Gwaggo zuwa ɗanta, ta sake haɗuwa a jikin jikokinsu. Shekara biyar ana zargin jinin Yaya, ashe jinin gidan ne gaba ɗaya, har da na masu zargin.

Ni aka ɗora wa nauyin yi wa Gwaggo bayani. Na zauna a tabarma a gabanta na zana mata da ƙwayar wake, fari da ja. Ta daɗe tana kallon waken, sannan ta ce, "Wato ɗan nan, kana nufin ta wajena ma ya biyo?" Na ce, "Ta wajenki da ta wajen Baba, Gwaggo. Babu wanda ya zaɓa, babu kuma mai laifi." Ba ta ce komai ba. Zancen ƙarin aure dai bai sake tashi ba.

Ba na cikin masu yi wa auren zumunci kudin goro. Na ga amfaninsa da idona: daren da Yaya ke tsakanin rai da mutuwa, babu bare a cikin masu kwana a barandar asibiti, kuma mafi yawan 'ya'yan irin wannan aure lafiyarsu ƙalau. Amma zumuncin da ke tattara dukiya da amana a gida ɗaya, yana tattara abin da ke ɓoye a jini. Kuma maganar ta zo har ƙofar ɗakina, domin tun ina jami'a manya suka yi mini maganar autar Gwaggo, mu ma kuma mun daidaita. Da sakamakon ya fito na zauna na yi lissafi. Yiwuwar ina ɗauke da ƙwayar rabi ce, ita ma rabi. Yiwuwar mu duka biyu muna da ita, ɗaya cikin huɗu. Yiwuwar kowane ciki ya zo da ciwon, ɗaya cikin 16. Wani zai ce adadin ba shi da yawa. Sai dai ni ba hantata za a jingina ba, tata ce. Na gaya mata komai, ita ce ma ta fara cewa a yi gwajin kafin a sa rana. Da yake an riga an san ainihin gurbin da ƙwayar gidanmu ta lalace, neman ta a jikinmu ya fi sauƙi. Jininmu yana can, muna jiran amsa, kuma mun yi alkawarin ba za mu ɓoye wa iyaye abin da ya fito ba.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da sikila da ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau. Mataki ne mai kyau, amma babu gwajin gama-gari da zai kamo irin ciwon gidanmu, kuma ba na jin adalci ne a nemi gwamnati ta sa shi a gaba alhali cututtukan da suka fi shi yawa ba a gama da su ba. Mai cikin da idonta ya yi rawaya a arewacin Najeriya, an fi zaton ciwon hanta na ƙwayar cuta ne, ko zazzaɓin cizon sauro, ko hawan jinin masu ciki da ya taɓa hanta. A 2017 ciwon hanta nau'in E ya ɓarke a Diffa ta Nijar da Ngala ta Borno, kuma masu juna biyu ne ya fi yi wa ɓarna. Abin lura shi ne duk waɗannan, da na Yaya, hukuncinsu ɗaya: shawara a jikin mai tsohon ciki ba ta jiran jiƙo. Haka amai da ya dawo bayan wata na bakwai, da ƙishirwa marar dalili, da ruɗewa ko barci mai nauyi. Asibiti za a nufa a ranar, kuma wanda ke da ɗakin tiyata da wurin ajiyar jini.

Sauran darussan ma ba sa cin kuɗi. Jaririn da ya ƙi nono tsawon awoyi ya kuma yi lamo ba hutawa yake yi ba, a kai shi a duba sukarinsa. Tarihin gida kuma shi ne gwajin da kowa ke da shi kyauta: yara nawa suka rasu suna ƙanana, a wane hali, wace mace ce ta yi shawara da ciki, wa ya auri wa. Mu Hausawa muna da kunyar ƙirga matattunmu, musamman yara, har uwa kan ce ta haifi uku alhali biyar ta haifa. Likitan da ya ceci ɗan Yaya na biyu bai fara da na'ura ba, da waɗannan tambayoyi ya fara, kuma ya yi sa'a an ba shi amsa ta gaskiya.

Yaron yana nan da rai. An takaita masa nono tun yana jariri aka koma madara ta musamman, abincinsa babu mangyaɗa babu manja, sai wani mai na matsakaiciyar sarƙa da ake tacewa daga man kwakwa, wanda jikinsa ke iya ƙonawa. Ana duba idonsa da zuciyarsa lokaci-lokaci, domin ciwon yana iya taɓa su. Akwai takarda daga likitansa a jakar uwarsa, wadda ke cewa duk ranar da ya yi amai ko zazzaɓi a sa masa ruwa mai sukari nan take ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. Sau uku ta yi amfani. An riga an gaya mana cewa ko ya balaga azumi ba nasa ba ne, kuma malamin da muka tambaya ya ce hukuncin marar lafiya ne ya hau kansa. Kuɗin madara da man nan yana cin rabin abin da ubansa ke samu.

Har yanzu ba a barinsa ya kwana cur babu ci. Akwai agogon waya da ke kaɗawa ƙarfe biyun dare a gidan. Da Yaya ta yi wata jinya a bara, Gwaggo ce ta kwaso kayanta daga Hayin Banki ta tare a ɗakin. Ba ta iya saita agogon ba, kuma ba ta buƙace shi ba, tunda ta saba tashin dare. Takan dama masa kokonsa, ta auna man da cokali kamar yadda aka nuna mata, ta tashe shi ya sha, sannan ta yi alwala.